Ranar Da Na Faɗa Wa Baba Kuɗin Aikina

Mutumin da ya koya mini aiki ba ya faɗin kuɗin aikinsa. Duk wanda ya taɓa kai masa gyara a Daura ya san da haka. Rumfarsa tana bakin hanyar da ke bi ta Kusugu, tsakanin wani tela da mai sayar da fitilu, kuma in ka leƙa ciki ba ka ganin komai sai matattun rediyoyi jibge har kusa da kwanon rufi, shi kuma yana tsakiya a kan buzu, da tabarau ɗaure da zare. Ka kawo rediyonka da ya daina magana, ya kwance bayansa, ya shinshina, ya ɗora ƙarfen narka dalma a kan gawayi, kafin ka gama gaisawa da tela sai ka ji rediyon ya yi tari ya kama labarai. Ka ce, "Malam, nawa ne?" Ya ce, "Abin da ya sawwaƙa." Ko wa ya tambaya, amsar ke nan.

Ni Baba nake ce masa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Mahaifina ne ya kai ni wurinsa bayan makaranta ta gagare ni, ko in ce na gagare ta, ya damƙa masa hannuna ya ce ga amana. Ba a yi shekara biyu ba mahaifina ya rasu, sai amanar ta zama ta gaske. A gidan Baba nake ci. Matarsa, da muke kira Inna, ita ke ware mini kwanona, kuma ita ta tsaya a kan hidimar aurena da lokaci ya yi. 'Ya'yansu huɗu duk mata ne, Yaya suke ce mini. Shi kuwa Baba, ko aike ne ko faɗa, kalmarsa ɗaya ce. "Yarona, miƙo filaya." "Yarona, wannan likin naka ko kaza ta taka sai ya ɓalle." Har na yi gemu, na haifi nawa 'ya'yan, ban tashi daga yarona ba, kuma sunan bai taɓa damuna ba.

Abin da ke damuna shi ne wannan "abin da ya sawwaƙa". Ina da zafin zuciya tun ina ƙarami, kuma ba na iya ganin an raina gumin mutum in yi shiru. Sai ka ga wani ya zo da babbar riga yana ƙamshin turare, an ɓata masa rabin yini, ya ajiye abin da ko goro ba zai saya ba, ya yi tafiyarsa yana saƙala rediyo a kafaɗa. In na yi magana, Baba ya ce in bari. Wani manomi kuma daga wajen Sandamu zai kawo nasa da damina, hannu rabbana, a gyara masa, ka manta da shi, sai da kaka ka gan shi ya jingine keke a bakin rumfa da damin gero a baya. Baba ya dube ni ta saman tabarau, ni kuwa in yi kamar ban gani ba.

Sau ɗaya tak ya taɓa yi mini bayani, ranar da na matsa masa. Ya ce, "Yarona, in na yanka wa mutum kuɗi, na sallame shi ke nan. Ya biya, ya tafi, ba abin da ya saura tsakanina da shi. Ni kuwa ba na son in sallami mutanen garin nan." Na ce to, amma a raina na ce wannan maganar ba ta sayen buhun masara.

Da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, abubuwa da yawa suka sake. Gidajen kallo da samari ke cikawa aka fara sa musu ido, wasu masu su suka rufe tun kafin a ce su rufe. Makaɗan biki ma suka ja baya. To amma kunne bai daina son sauti ba, ido bai daina son kallo ba, sai kowa ya ja abinsa zuwa cikin gida. A lokacin ne wasu kaya suka fara shigowa, wasu daga Kano, wasu ta kan iyaka a Kongolam a bayan motocin fatake. Injin faifai ne, da ƙananan sifiku biyar, da wata babba mai kama da akwati, wadda in ta yi gurnani sai kwanukan ɗaki su amsa. 'Yan Kano na ce musu hom tiyata, mu nan muka ce kayan sauti muka huta. Mai hali ya saya don iyalinsa su yi kallo a gida, wani don ya ji karatu da wa'azi kamar malamin yana zaune a falonsa, wani kuwa don kawai maƙwabcinsa ya saya.

Sayen ba shi da wuya, haɗawar ce aiki. Sai an san inda kowace sifika za ta zauna, biyu a gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a bayan mai zama. Sai an huda bango an kafa su, an ja waya ta cikin silin ko ta gindin bango yadda ba za ta harɗe ƙafar yara ba, an haɗa da sitabilaiza don wutarmu ba ta da alƙawari, sannan a zauna a koya wa maigida inda zai danna, a sake koya masa, a koya wa uwargida don ita ce za ta riƙe. Mutane suka fara kawo kwalayensu rumfar Baba, don shi suka sani. Shi kuwa gwiwa ta daina barinsa hawa tsani, ido ma ya fara ja baya. Sai ya ce, "Ku je wurin yarona, ya fi ni sanin waɗannan." A lokacin ya riga ya yaye ni, ina da ɗan shagona a bakin tasha. Duk wanda na yi wa aikin nan a shekarar farko, daga hannun Baba ya fito.

Matsalar ita ce ba wanda ya san nawa ake biya. Gyaran rediyo tsohon abu ne, ko ba a faɗa ba kowa ya san abin da ya dace ya ajiye. Wannan kuwa sabo ne. A ganin mai kaya, ai ya riga ya kashe kuɗinsa a kanti, abin da ya rage 'yar jona waya ce. Ni ma ban san me zan ce ba, don haka na ari bakin Baba. A tambaye ni, in sunkuyar da kai in ce abin da ya sawwaƙa. Wani ya kyauta, wani ya ba ni abin da zan yi ta juyawa a tafin hannu ina neman sauran.

Wanda ya ƙure ni wani Alhaji ne dillalin shanu a Zango. Sabon gida ya gina, falo kamar filin ƙwallo, bangon siminti mai taurin tsiya. Kwana biyu na yi ina zuwa ina dawowa a motar haya. Da guduma da ƙusa na huda bangon nan har tafin hannuna ya yi bororo. Na shiga cikin silin da rana tsaka, ina rarrafe a kan katako cikin kashin jemage, gumi na shiga mini ido. Da na gama na sa faifan wa'azi, muryar malamin ta fito ta bayan kujera, Alhaji ya yi zumbur ya waiwaya yana neman wanda ya shigo, sannan ya bushe da dariya ya kira matansa su zo su ji. Ya ce, "Kai, yaro, ka iya! Nawa ne?" Na ce abin da ya sawwaƙa. Ya shiga ciki ya fito da naira ɗari biyu da tiyar gyaɗa a leda, ya bi ni da addu'a mai tsawo har bakin ƙofa. Addu'ar na karɓa, Allah ya amsa. Ɗari biyun kuwa ko kuɗin motar kwana biyun ba su kai ba.

Daga tasha ban je gida ba, majalisarmu na nufa, benci biyu ne a gindin wata darbejiya inda muke zama bayan la'asar. Na ajiye ledar gyaɗa na ba su labari, ina tsammanin za su taya ni baƙin ciki. Ina! Suka kwance leda suka hau ɓara suna ci suna dariya. Wani abokina direba, mai jigilar Kongolam, wanda bakinsa ba ya raga wa kowa, ya ce daga yau sunana Injiniyan gyaɗa, kuma in na yi wa mai rake aiki in tuna da su. Zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe tsaye na ce, "Wallahi tallahi, daga yau ba wanda zan sake yi wa aikin nan ban yanka masa kuɗi ba, ko da ubana ne ya dawo duniya!" Direba ya ɗaga hannu cike da ɓawon gyaɗa ya ce, "Mun ji, mun shaida."

Na zauna na yi tunanin abin da kyau, kuma har gobe ina ganin tunanin nan daidai ne. Na ce kowace sifika da zan kafa tana da kuɗinta. Bangon ƙasa daban, don huda shi ba wuya amma sai ka yi dabara kafin ya riƙe ƙusa. Bangon siminti daban, don shi da ƙarfi ake yi. In sai na shiga silin, akwai ƙari, saboda bayana ba na aro ba ne. In wajen gari ne, mai gida ya ɗauki kuɗin mota. Waya kuwa ya saya da kansa, kada gobe a ce na ci riba a kanta. Falo madaidaici a cikin gari yakan tashi a dubu uku. Kuma tun kafin in buɗe kwali nake faɗa, wanda ya ga ya yi masa yawa ya ɗauki kayansa mu rabu lafiya.

Aka yi ta surutu, wasu suka ce yaron Malam ya zama ɗan Kano. Amma ba wanda ya iya aikin kamar ni a lokacin, sai suka dawo. Cikin shekara guda na sayi babur, na sayi injin huda bango, na daina cin bororo. Kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye ba. Labari ya kai wa Baba, ba shakka, don tela maƙwabcinsa ba ya barin magana ta kwana. Da na je gaishe shi na ɗauka zai yi faɗa. Ya ce kawai, "Na ji ka sa wa aikinka ƙa'ida. Zamaninku ne, Allah ya sa albarka." Ya ci gaba da turo mini mutane kamar da.

Sai auren autarsa ya tashi. Yarinyar nan a gabana aka haife ta, na goya ta a kafaɗa, ita ke kawo mana abinci rumfa da ta yi wayo. Ɗan wani mai sayar da hatsi za ta aura, mutane masu rufin asiri da yawan dangi, maza gaba da baya. A lokacin an fara sa kayan sauti cikin kayan ɗakin amarya, tunda ba a kiran makaɗa, mata su kunna abinsu a cikin gida su yi sha'aninsu ba mai jin su daga waje. Baba ba shi da kuɗin sabo. Ya sayar da tunkiyar da Inna ke kiwo, ya sa aka samo masa ɗan Kwatano, wanda sifika ɗaya ba ta yi, ya zauna da tabaransa mai zare ya gyara ta da hannunsa. Sannan ya aiko a ce mini ranar Alhamis da safe in je gidan da za a kai amarya in haɗa, kafin 'yan jere su iso.

Na je tun da hantsi, kuma Allah ya sani ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya irin na ranar ba. Ɗaki ne da falo, ƙanana. Na ɓoye waya yadda ko mai nema ba zai gani ba. Na auna inda gadonta da kabad za su zauna don kada su toshe sauti. Na sa mata soket na ƙari daga cikin kayana. Da na gwada, tsohon injin nan ya yi sauti kamar jiya aka fito da shi daga kanti. Na tsaya a tsakar falon ina jin daɗi, ina cewa a raina yau auta za ta san tana da Yaya.

Na fito wajen azahar da jakar kayan aiki a kafaɗa. A ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi a inuwa. Baba na zaune, ga uban ango a gefensa yana jan carbi, ga ƙannen uban ango biyu, ga wasu dattawan unguwa. Can gefe kuma, a jikin motarsa, ga abokina direba, shi aka ɗauka ya kawo katifa da kujeru. Na durƙusa na gaishe su. Baba ya ce, "An gama?" Na ce an gama, Baba. Ya gyara zama, ya ɗaga murya kaɗan yadda kowa zai ji, ya ce, "To, yarona, nawa ne aikin naka?"

Ba zan ce ban san abin da ake nufi da tambayar ba. A garin nan na tashi. In babba ya tambayi nasa kuɗin aiki a gaban baƙi, ba kuɗin yake tambaya ba. Dama yake ba ka ka ce, "Haba Baba, ƙanwata ce, wannan gudummawata ce," shi ya ce a'a, kai ka ce wallahi ba ka karɓa, dattawa su sa baki su yi maka albarka, kowa ya tashi da girmansa. Surukai kuma su gane cewa yarinyar da suka ɗauka tana da namiji a bayanta. Na san wannan kamar yadda na san jar waya da baƙa. Amsar ma tana bakina.

Sai na ji direba ya yi gyaran murya. Na waiga, ya ɗaga mini gira yana murmushi, ya ce a hankali, yadda ni kaɗai da na kusa za mu ji, "Yau za mu ga rantsuwa."

Abin da ya shiga kaina a lokacin, har yau ina jin kunyar faɗinsa. Ban tuna tuwon Inna ba, ban tuna hannun mahaifina cikin na Baba ba. Benci biyun nan na tuna, da yadda za a yi ta yi da ni har ƙarshen shekara. Na kuma ce wa kaina ai rantsuwa na yi da sunan Allah, a wannan zamani da kowa ke kaffa-kaffa da addini, ya zan karya ta a gaban shaida? Na lulluɓe girman kaina da rigar tsoron Allah, na ga ya yi mini kyau. Har wata dabara ta zo mini, wai in rage masa, kowa ya ga na yi kara.

Na ce, "Aikin dubu uku ne, Baba, amma ka kawo dubu biyu."

Uban ango ya tsayar da carbinsa, ya sa ido a kan tabarma. Ɗaya daga cikin ƙannensa ya juya yana kallon bango kamar an rubuta wani abu a jiki. Baba ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya sa hannu can cikin aljihun 'yar ciki ya fito da wani ƙullin hankici, ya kwance. Daga baya na ji kuɗin lemon baƙi ne na ranar ɗaurin aure. Ya ware dubu biyu, ya miƙo mini da hannu biyu, yadda ake miƙa wa baƙon da ake girmamawa. Ya ce, "Ga shi. Aiki ya yi kyau. Mun gode, Injiniya."

Na karɓa. Wannan ma na yi. Na sa a aljihu, na yi sallama, na nufi babur. Direba ya biyo ni da sauri ya riƙe kan babur ɗin, fuskarsa ba alamar dariya. Ya ce, "Kai, ashe ba ka da hankali? Wasa fa nake yi maka! Malam ne fa!" Na buge hannunsa na tayar da babur. Da zan iya, da na ɗora masa laifin duka, kuma na yi shekaru ina gwadawa. Amma shi zolaya kawai ya yi, bakin da ya yanka wa Baba kuɗi kuwa nawa ne.

Washegari da sassafe na je gidan da kuɗin a aljihu. Baba ya riga ya fita. Inna na tsakar gida cikin mata ana ta hidima, ta ja ni zaure. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Ɗan nan, me muka yi maka?" Na ce ba komai, Inna, kuskure ne. Ta ce, "Tun ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa, mutanen nan suka tambaye shi ko yarinyar tana da 'yan'uwa maza, ya ce tana da wa, babba ma, mai sana'a, shi zai haɗa mata kayan ɗakinta da hannunsa, za su gan shi. To sun gan ka." Ta goge ido da bakin mayafi ta koma cikin mata. Na tsaya a zauren nan ni kaɗai, na rasa ta ƙofar da zan fita.

Na same shi a rumfa. Na durƙusa, na ajiye kuɗin a gefen buzunsa, na ce Baba ka yafe mini, shaiɗan ne. Ya ɗauka ya mayar mini a tafin hannu ya naɗe yatsuna a kai. Ya ce, "Me ka yi da za a yafe? Guminka ne. Ka yi aiki, ka faɗi kuɗinka, an biya ka. Ba ka zalunci kowa ba." Na ce wallahi ba zan ci kuɗin nan ba. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ka rage yawan rantsuwa, Injiniya." Ya juya ga rediyon da ke gabansa.

Na kai wa wani malami da ke karantarwa a zaure kusa da gidanmu maganar, ina neman ko rantsuwar za ta wanke ni. Ya saurare ni har ƙarshe, ya girgiza kai. Ya ce wanda ya rantse a kan abu, sannan ya ga barinsa ya fi alheri, ai sai ya bar shi ya yi kaffara, ya ciyar da mabukata goma, in ba shi da hali ya yi azumin kwana uku. Ya ce wannan ko ɗalibansa ƙanana sun sani. Na ce to bari in yi azumin yanzu. Ya ce, "Azumin me? Ai kai ba ka karya rantsuwarka ba, ka cika ta cif." Kwano goma na abinci, abin da bai kai rabin kuɗin da na karɓa ba, shi ne duk abin da ke tsakanina da amsar da ta dace.

Baba bai yanke ni ba. Da ya yi fushi ya kore ni, da na san yadda zan yi, in yi ta sintiri da dattawa har ya huce. Bai hana ni shiga gidansa ba, bai daina turo mini masu kwalaye ba. Sai dai yanzu cewa yake, "Ku je wurin Injiniya na bakin tasha." In na gaishe shi ya amsa da fara'a, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake yi wa kowa. Na kai masa shadda da sallah, ya yi godiya, ya aiko wa 'ya'yana da abin da ya fi ta. Na yi ta kasa kunne ko bakinsa zai suɓuce ya ce yarona, ko sau ɗaya, ko cikin mantuwa. Tsoho ne mai mantuwa, yakan nemi tabarau suna kan hancinsa, amma wannan bai taɓa mantawa ba.

Bayan kamar shekara biyu, injin wani mai gida da na haɗa wa kaya ya ƙone, wuta ce ta zo da ƙarfi. Na buɗe na duba na kasa gane kansa, don na daɗe ina huda bango, hannuna ya manta aikin ciki. Na ɗauka na kai wa Baba, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin samun dalilin zama kusa da shi. Lokacin idonsa ya yi nisa. Ya kwance bayan injin, ya kai hanci ya shinshina, ya bi da ɗan yatsa a hankali, ya tsaya a kan wani ɗan abu kamar ƙwayar wake ya ce, "Ga ɓarawon." Ni na riƙe masa fitila, ni na hura gawayi, na miƙa masa filaya tun kafin ya nema. Muka yi kusan awa guda kamar shekarun baya, har yana ba ni labarin wani rediyo da ya taɓa ba shi wuya. Injin ya tashi. Raina ya yi fari, na ce yau kam an dawo daidai.

Ina naɗe waya, bakina ya yi abin da bakin kowa ke yi a rumfar nan. Na ce, "Baba, nawa ne?" Na faɗa ne ina murmushi, ina jiran amsar da na ji sau dubu, amsar da na yi shekaru ina jin haushinta, wadda a ranar ba abin da nake so a duniya kamar in ji ta.

Ya mayar da ƙarfensa kan gawayi. Ya ce, "Ɗari biyar."

Keken tela da ke ta ƙara a gefe ya tsaya. Ba tsada ya yi mini ba, aikin ya fi haka. Na sa hannu a aljihu na ba shi, ya karɓa ya ce ya gode, Allah ya kai ni lafiya. Na ɗaure injin a bayan babur, na tura shi da hannu har na sha kwana, don ban yarda da idona a kan titi ba.

Baba ya rasu da damina, shekara uku bayan haka. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, ba wanda ya hana ni. A zaman makoki ƙofar gidan ta cika, har da mutanen ƙauyuka da ban taɓa gani ba, wasu da kekuna, wasu a ƙasa. Kowa da labarin rediyonsa. Wani tsoho daga wajen Mai'aduwa ya ce shekara talatin yana kawo gyara, bai taɓa jin Malam ya faɗi kuɗi ba. Wani ya karɓe ya ce ai ba shi kaɗai ba, duk ƙasar Daura ba mutum ɗaya da zai ce Malam ya taɓa yanka masa kuɗin aiki, ko mutum ɗaya. Aka yi ta cewa haka ne, Allah ya jiƙansa. Tela yana zaune daura da ni a kan tabarma. Ya ɗago ya dube ni, na dube shi, sai ya mayar da kansa ƙasa ya ce, "Haka ne, ko mutum ɗaya." Ya rufa mini asiri, ni kuma ban iya cewa amin da ƙarfi ba.

Har yanzu ina aikin, kuma har yanzu ina faɗin kuɗina kafin in buɗe kwali. Auta tana nan a gidanta da 'ya'ya biyar, kayan sautin sun daɗe da mutuwa, amma sifikun suna nan a bango inda na kafa su. In mun haɗu a hanya takan rusuna ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi iyali. Injiniya take ce mini.